Hatsi a Bututun Hayaki

Ƙarfe tara na safe aka bugo wa ofishin 'yan sanda waya cewa an tsinci gawar wata tsohuwar malamar makaranta a banɗakinta. Sufeto ya ɗauki Saje, tsohon hannu a aikin, suka nufi gidan. Bene ne mai hawa uku, kowane hawa da masu hayarsa.

A hawan ƙarshe marigayiyar take zaune da 'yarta, ma'aikaciyar jinya. 'Yar ce ta dawo daga sayen burodi, ta yi ta buga ƙofar banɗaki shiru, har maƙwabta suka zo suka ɓalle ta. Likita ya ce babu rauni ko ɗaya. Iska ce ta kashe ta, mai guba, marar wari, irin wadda gas ke fitarwa idan bai samu ya ci da kyau ba.

Hitar ruwan, wato na'urar ɗumama ruwan wanka mai aiki da gas, tana wani lungu cikin banɗakin: farin tanki mai tsayin mutum, wuta a gindinsa, bututun hayaki a kansa wanda ya huda rufi ya miƙe zuwa saman bene. Sufeto ya sa aka buɗe tagogi, ya kunna hitar. Wutar ta tashi shuɗiya. Ya kara ashana kusa da bakin bututun, harshenta ya karkata ciki, alamar bututun yana zuƙar hayaki lafiya lau.

Nan hankalinsa ya ƙi kwanciya. Hitar da ke aiki haka ba ta kashe mutum, amma ga baƙin hayaki ya yi wa saman tankin zobe, sabo, har yana kama yatsa.

Saje ne ya lura da kwali liƙe a kan kafar shigar iska da ke ƙasan ƙofa. 'Yar ta ce ba ta san da shi ba.

"Kwalin safar hannu ne na asibiti," in ji Sufeto. "Mama ma tana aikin jinya ne?"

Ta rufe fuska da mayafi. Da ƙyar ta faɗi cewa ita ta liƙa shi makon jiya, don Mama na kukan sanyi idan ta fito wanka. Saje ya rufe littafinsa, ya raɗa wa Sufeto cewa magana ta ƙare. Sufeto ya ce mako guda kwalin na nan, me ya sa sai yau? Ya aika a kira mai famfon da ya kafa hitar.

Mai famfo ya zo yana gumi, ya rantse watan jiya ya duba ta.

"Watan jiya?" Sufeto ya nuna masa takardar da ke manne a jikin tankin. "Wannan rubutun hannunka ne, kuma shekara biyu ke nan."

Mutumin ya sosa ƙeya ya amsa cewa tsoro ne ya sa shi ƙarya. Amma aikin kafawa, in ji shi, a kai shi ko'ina: bututu a miƙe yake, ya sa masa hula a sama saboda ruwa da tsuntsaye, ya bar kafar iska. Toshe kafar ganganci ne, to amma baƙin hayaki irin wannan ba ya taruwa sai in hayaƙin ya rasa hanyar fita ya dawo ɗaki.

Sufeto ya sa shi ya kwance gindin bututun. Yana zarewa wasu ƙananan abubuwa suka zubo kan tankin. Sufeto ya tsinci ɗaya ya murza. Ƙwayar hatsi ce, ta ƙone.

"Shekara ashirin ina wannan aiki, yallaɓai," in ji mai famfo, "ban taɓa ganin hita mai cin hatsi ba."

Suka hau saman bene. Kejin tantabaru ne jere, na ƙarshen bai fi taku biyu daga bututun ba. Hular bututun tana nan a kansa, amma a karkace, kusoshinta da sabon karce. Sufeto ya ɗaga ta, ya ga zaren buhun leda a narke ya manne a bakin ƙarfen.

Mai tantabarun tsohon direba ne da ke hawa na ɗaya, 'yan gidan na kiransa Kawu. Saje ya hawo da shi, tsohon yana ɗingishi, hannun dama cikin aljihu. Ya ce rabonsa da nan tun jiya da la'asar, gwiwa ta hana shi sakat.

Sufeto ya dubi kwanon ruwan tsuntsayen. Cike yake, ko gashi ɗaya bai faɗa ciki ba, ƙasan wurin kuma da danshi.

"To wa ya ba su ruwa yau, Kawu?"

"Ƙila wani ne ya taimaka."

"Madalla da shi. Mu gaisa mana."

Ya miƙa masa hannu. Kawu ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya zaro nasa. Yatsu uku naɗe da tsumma, fatar gefen ta tashi.

Kawu ya zauna kan buhun hatsi. Ya ce 'yan shila shida suka mutu masa cikin wata biyu, duk a kejin ƙarshe, kuma ya tabbata hayaƙin ne. Ya roƙi malamar a matsar da bututun, ta ce ba ta da ikon taɓa gini. Shi ne da safen nan ya cire hular ya cusa tsohon buhun hatsi cikin bututun, a tunaninsa wutar za ta mutu, a yi ta kiran mai gyara har a gaji a canza wa bututun wuri. Da ya ji ihu daga ƙasa, ya zare buhun da hannu, ƙarfen na zafi, ya mai da hular.

"Wallahi, yallaɓai, wuta na so in kashe, ba mutum ba."

"Ka ji ana tuhumar yarinyar nan da mai famfo, ka yi shiru," in ji Sufeto.

Saje ya kama Kawu a damtse, bai sa masa ankwa ba saboda ƙunar.

A hawa na uku 'yar na tsaye bakin ƙofa, ta riga ta ji komai. Kawu ya tsaya gabanta zai yi mata ta'aziyya. Ta dube shi, mutumin da tun tana goye take kira Kawu, sannan ta ja baya ta tura ƙofa a hankali. Saje ya taɓa kafaɗarsa, suka ci gaba da sauka.