Takalmin Kakan Madam

A birnin Lyon na Faransa nake aikin kula da Madam Harwell, tsohuwar Baturiyar Ingila mai bin diddigin kakanninta, masu manyan gonaki tun zamanin da. Hotunansu sun cika falo. Ni tarbiyyar Damagaram ce, ba na kallon babba a ido ko a hoto ne. Ƙafafunsu kawai na sani, wurin goge ƙura.

Daren da ta ce gobe za mu buɗe akwatin kakan da dangi suka daina ambata, na fita zubar da shara. Wani dattijo ya tare mini matakala. Na sunkuya na gaishe shi.

"Riƙe gaisuwarki, 'yar aiki," ya ce da Hausar garinmu tsaf, numfashinsa na warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. "Hannun da ya buɗe akwatin nan ba zai sake kai loma baki ba."

Hannun Madam kullum rawa yake yi saboda tsufa. Ni ke buɗe mata komai.

Idona yana ƙasa. Rabonmu da ruwan sama an daɗe, amma laka na ɗiga daga dogon takalminsa, na hagun da tsaga a baki. Da safiyar ranar na goge tsagar nan, a hoton kakan da ke bayan ƙofa.