Ɗigon Jan Farce a Cikin Waya

Tsohon hedimasta ya faɗo ofishin Sufeto yana huci, surukarsa na biye, idanunta sun kumbura.

"Wai daga banki ne! Ya karanto lambar katina tsaf, ni kuma na ba shi lambar sirri. Kafin in ajiye waya sun kwashe kuɗin sallamata. Wa ya san katin in ba wannan da ke riƙe mini waya ba?"

Ɗansa ma ya riga ya ce wa matar ta haɗa kayanta.

Sufeto mace ce da ba ta jure ganin ƙazafi. Ta ce, "Baba, ba ni kwana uku."

Ta zaƙulo ƙorafi huɗu irin wannan. Duk tsofaffi ne, kowa ya ɗauki hoton katinsa a waya don gudun mantuwa. Ta sa Saje ya kwance bayan wayoyin, sai ga ɗigon jan farce a kan noti guda cikin kowace. Da aka bi ba'asi, duk wajen mutum ɗaya suka kai gyara, wanda 'yan kasuwa ke kira Injiniya.

Ta same shi a shagonsa cike da mutane, ta ajiye wayar hedimasta a buɗe.

"Ka san wannan?"

"Ranki ya daɗe, ban taɓa ganinta ba."

"Madalla," in ji ta da ƙarfi. "Don wanda ya yi liƙin nan ɗan koyo ne. Ku dubi jagwalgwalo, jama'a!"

Jijiyar wuyan Injiniya ta miƙe. Ya fizgi wayar.

"Jagwalgwalo? Duk layin nan wa ya iya wannan in ba ni ba? Ga alamata ma..."

Kafin ya farga, ya riga ya nuna ɗigon jan farcen. Shekara goma yana ɗiga jan farce a aikinsa don kada a kawo masa ɓarnar wani, hannun ya saba, ko a wayar da ya yi wa sata bai iya fasawa.

A ofis ya amayar da komai. Shi ke kwafe hotunan, ya sayar wa wani Oga mai ɗaki a saman sito. Da la'asar Sufeto ta dira can, ta tarar da mutum tara kowa da waya a kunne, ga takardar abin da za su faɗa manne a bango. Kai, ranar ta ji daɗin kakinta, ba ta kuma ɓoye ba.

Ana tura su cikin mota da ankwa, sai ga hedimasta da surukarsa sun iso, ya cire hularsa a gaban kurata, ya juya gare ta.

"'Yata, na zalunce ki. Ki yafe mini."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Baba, mayar da hularka, rana na dukanka."