Motar da Aka Ɓare wa Sutura

Hambali mutum ne mai son abu fes. Da ya sayi tsohuwar taksi a hannun Manzo, wan matarsa, abin da ya fara tsone masa ido shi ne hotuna da rubuce-rubucen da aka liƙa mata gaba da baya. Manzo ya ce ya bar su yadda suke. Da aka tambaye shi dalili, sai ya kau da kai.

Hambali bai bari ba. Ya shanya motar a rana har manne ya yi laushi, yana zuba ruwan ɗumi yana ɓarewa da farce, don reza na kankare fenti. Abin da ya saura ya goge da tsumma da kananzir. Kafin magariba mota ta fito fara sol, babu ƙwarzane ko ɗaya.

Ana kiran salla dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Aka leƙa waje, babu kowa. Wani ya sake faɗowa. Hambali ya zargi maƙwabta da hassada, ya zargi direbobin tashar garinsu Malanville, har matarsa Bara'atu ya fara yi wa kallon gefen ido. Haka aka yi ta yi kowace magariba, gida ya yi tsit, kowa na tsoron kowa.

Wata yamma ɗiyarsu Rauda ta ajiye tulu, ta je ta dafa goshin motar, ta faɗi tana kuka da muryar tsohuwa.

Aka ɗauko Malam Abdurazak daga ƙauyen Madécali. Ya daɗe yana karatu a kunnenta kafin ya ce, "Wace ce ke? Mi kike biɗa?"

"Motag ga ta take ɗana bisa hanyar Guéné," in ji muryar. "Na biɗe ta har na gaji, an sake mata kama. Yanzu an tuɓe min ita, na gane ta. Ɗa aka ɗauka, ɗiya zan ɗauka."

"Ki ji tsoron Allah. Wanga bawan Allah saye ya yi, ba shi yat tuƙa ba."

Numfashin Rauda ya riƙa yin ƙasa, Bara'atu ta riƙe ƙafafun ɗiyarta.

"To, a hwaɗa min wanda yat tuƙa, in saki yarinya."

Malam ya ɗaga hannu. "Hambali, kada ka..."

"Manzo ne!" in ji Hambali.

Bara'atu ta saki ƙafafun, ta dubi mijinta. Rauda ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce, "Inna, ƙishirwa nike ji."

Hambali ya ɗebo ruwa ya ba ta. Ya yi murna, kuma ya ji kunyar murnar, don Manzo ma ɗiya ɗaya gare shi.