Yatsan Malam Manzo

A bakin injin ban-ruwa na wani kwari a Gure Burahima ya fara ganin Hindatu, tana riƙe wa babanta salula. Ya zo ne ya nuna wa masu garka manhajar da ya ƙera: ranaku ne a jere, ka ja sama ko ƙasa, ka danna maɓallin ranar da kake son ruwa. Bakinsa na bayani, idonsa na kanta.

Kafin wata biyu ta zama "Hinduna", shi kuma "Injiniyana".

Sai albasar babanta, Malam Manzo, ta ƙone. Sau uku tsohon yana danna Talata sunansa bai fito ba, ruwan ya tafi garkar Fadilu, sakataren koperatif, wato ƙungiyar masu garka, wanda ya sha aiko wa Hindatu turare ana mayar masa.

"Baba, yaron nan bai ɗauke ku a bakin komai ba," in ji Fadilu.

Malam Manzo ya ce kada ya ƙara ganin ƙafar Burahima a ƙofar gidansa.

Hindatu ta yi kuka har ta gaji, sannan ta zauna ta zuba wa hannun babanta ido. Ta rubuta:

"Injiniyana, hannun Baba rawa yake yi. In ya danna, sai jerin ya zame. Duk sau ukun Fadilu na tsaye a kansa, yana gani ya yi shiru. Wallahi sai na rama."

Kunya ta kama Burahima. Da yatsunsa na samari ya gwada abin, bai lura cewa da zarar yatsa ya ɗan motsa, jerin yakan ƙwace taɓawar daga maɓallin ba. Ya gyara: in yatsa ya sauka a kan maɓalli, maɓallin ke riƙe da shi har a ɗaga.

"Laifina ne, Hinduna. Na gyara. In faɗa wa Baba?"

"Kul! Bari sai ranar taron koperatif."

Gida-gida Hindatu ta bi tsofaffin masu garka tana tambayarsu ko su ma jerin ya taɓa zame musu. Ranar taron Malam Manzo ya danna, sunansa ya fito tar. Burahima ya durƙusa ya amsa laifinsa. Sai Hindatu ta ce, a hankali, don kowa ya ji:

"Baba Illa, wa ke tsaye a kanku ranar da taku ta zame?"

"Fadilu."

"Ku fa, Baba Umara?"

"Shi ne dai. Har cewa ya yi ta shiga."

Nan take aka karɓe makullin injin daga hannun Fadilu, ya fita yana tuntuɓe da takalman mutane. Ko ɗigon tausayinsa Hindatu ba ta ji ba.

Burahima ya sake dasa albasar da hannunsa, bayansa ya gaya masa. Bayan Sallah aka ɗaura aure. Amarya da kanta ta ware goro da dabino mafi kyau, ta ce a fara kai wa Fadilu.

Malam Manzo ya ɗora hannunsa mai rawa a kan angon, ya ce, "Na ba ka ita har abada. Allah ya yi muku albarka."