Tantalus a Gonar Baba Manga

Albarkar da aka matse daga bakin uba, kamar yadda ake matse mai daga gyaɗa, tana bin 'ya'ya kuwa? Na daɗe ina juya wannan tambaya ban samu amsa ba. Abin da na sani kawai shi ne yadda Tobiya ya auri Keziah.

Sun haɗu ne ba da daɗewa ba bayan an ƙirƙiro jihar Taraba, lokacin da Jalingo ta cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Yola. Tobiya malamin firamare ne a unguwar Kachalla Sembe. Ya kai tambayoyin jarrabawa wani shagon buga takardu a unguwar Barade, ya tarar da wata doguwar yarinya tana dukan tafireta kamar ta yi mata laifi. Ta karɓi takardarsa, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa.

"Malam, kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne."

"To ka zauna ka karanta mini. Ni ban yi makarantar kaji ba."

Ya zauna. Daga ranar, babu ajin da ya kai nasa yawan jarrabawa a duk Jalingo. Da uzuri ya ƙare masa, sai ya saka 'yar takarda a cikin aikin da ya kawo:

"Kezi, hedimasta ya ce yara sun gaji da gwaji. Ni ban gaji ba. Zan zo gidanku ranar Asabar, ba tare da jarrabawa ba."

Ta buga masa amsa da tafireta:

"Malamina, zo. Amma ka zo da tsohon wando. Baba ba ya karɓar baƙo a kujera."

Ya ɗauka wasa take yi.

Baba Manga manomin doya ne, gonarsa tana kan hanyar Sunkani. Ba shi da ɗa namiji, sai Keziah da ƙannenta mata. A wajen mutanensu, mai neman aure yakan yi wa uban yarinya noma don a ga ƙarfinsa da haƙurinsa. Al'adar ba ta da aibu. Sai dai ba ta yanke ranar gamawa ba, ta bar wannan ga kunyar uba, shi kuwa Manga ya daɗe da gane cewa kunya ba ta tara tulin doya.

Tobiya ya yi noma duk Asabar da duk hutu. Hannun alli ya fashe, ya warke, ya zama hannun garma. Da aka haƙe doya, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina so in turo iyayena a sa rana."

Manga ya ɗaga wata ƙatuwar doya yana auna nauyinta a hannu.

"Gaggawar me? Keziah bai gudu ba, yana nan. Badi."

Badi ta zo da Elvis. Babban ma'aikaci ne a wata ma'aikatar sabuwar jiha, yana da Fijo fara da farin takalmi. Shi ma ya ce yana son Keziah. Manga bai kore shi ba, bai kuma kori Tobiya ba. Ya raba gona biyu, ya shuka layin dawa a tsakiya. Elvis bai taɓa riƙe fartanya ba, leburori yake turowa su yi nasa ɓangaren. A ɗaya ɓangaren Tobiya ne shi kaɗai. Kowannensu idan ya tambaya, amsa ɗaya ce: badi.

Wata Asabar da rana tsaka, Fijo ta tsaya a gindin ɗorawa. Keziah ce ta fito daga gaban motar da kular abinci, kanta a sunkuye. Ubanta ne ya ce ta biyo shi, shi ne kuma ya tsara yadda za a raba abincin: kaza ga mai mota, miya zalla ga mai garma. Tobiya bai san wannan ba. Abin da ya gani kawai shi ne ta fito daga motar.

Elvis ya jingina da ƙofar motar yana cin cinyar kaza.

"Ticha, sannu da aiki! Kai, ka yi baƙi fa. Ka san abin da tsohon nan yake yi maka? Tantalize. Ka san kalmar, ko ba ta cikin littafin 'yan aji uku?"

Leburori suka yi dariya, ko da yake ba su san ma'anarta ba. Elvis ya jefar da ƙashin a kan tulin da Tobiya ya gama ɗagawa.

Ranar Litinin Tobiya ya buɗe babban ƙamus na ofishin hedimasta. Ma'anar ita ce a nuna wa mutum abin da ransa ke so, a kawo shi kusa, a janye. Ƙamus ya ce Turawa sun samo kalmar daga sunan wani Tantalus, a tatsuniyoyin mutanen Girka na dā. Sauran labarin Fasto Simeon ne ya ba shi, tsohon limamin cocinsu da ya yi karatu a hannun 'yan mishan.

Daga wurin fasto, shagon Barade ya nufa.

"Malamina, ka yi shiru kwana biyu," in ji Keziah.

Bai zauna ba.

"Na zo in ba ki labari. Akwai wani sarki, Tantalus. Allolinsu suka tsayar da shi a cikin tafki, ruwa har haɓarsa, ga reshe cike da 'ya'yan itace a bisa kansa. Idan ya sunkuya zai sha, ruwa ya janye. Idan ya miƙa hannu, iska ta ɗaga reshen. Ba ya mutuwa, ba ya ƙoshi. Sunansa saurayinki ya kira ni da shi."

"Ba saurayina ba ne."

"Ke ce reshen, Kezi. Kuma na ga alama lilon yana yi miki daɗi, musamman a gaban mota."

Hannunta ya tsaya a kan tafireta. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, wataƙila abin da ya biyo baya da ya fi sauƙi.

"Me ya yi aka hukunta shi haka?"

"Ina ruwanki da..."

"Me ya yi?"

"Ya gayyaci allolin cin abinci. Ya yanka ɗansa, ya dafa, ya ajiye musu a gaba."

Ta juyo ta fuskance shi.

"To kai wa ka yanka, Malam? Ka karanta labari ka sa kanka a wurin da ba naka ba. Ni aka dafa. Ni ake zuba wa baƙi biyu a faranti, kowa ya lasa ya koma noma. Wanda ya kamata a tsayar a ruwan yana gida yana ƙirga doya." Ta zare takardar da ke cikin tafireta ta dunƙule. "Daga yau kada ka sake taka gonar nan."

"Za a ce na gaza."

"Su ce. Ko gonar, ko ni."

Ya daina zuwa. Manga bai damu ba, tunda leburorin Elvis suna nan. Amma da damina ta kankama, aka yi wa Elvis canjin wurin aiki. Ya tafi ko sallama bai yi ba, leburori suka bi bayan aljihunsa. A makon ne kuma kurkunu ya fito wa Manga a ƙafar dama, ciwon nan da tsutsa ke fitowa a hankali tana kwantar da ƙato wata da watanni. Doya ta yi yaɗo tana neman sanda, ciyawa ta taso tana shaƙe ta.

Mama Alisabatu, uwar Keziah, ta je har makaranta.

"Ɗana, Baba ya ce ka zo. Gona zai lalace."

Tun kafin ta iso, takardar Keziah ta riga ta iso:

"Malamina, za a aiko. Kada ka ce a'a. Ka ce gobe."

"To, Mama," in ji Tobiya, bai iya kallon idonta ba. "Gobe."

Da goben ta zo, Manga ya sa aka fitar masa da tabarma ƙofar gida, ya zauna da ƙafa a naɗe da tsumma yana kallon hanya. Duk keken da ya ɓullo sai ya ɗaga kai. Har rana ta faɗi. Aka sake aikawa, aka sake cewa gobe, aka sake fitar da tabarma. Keziah ce ke shimfiɗa masa ita da hannunta kafin ta tafi aiki.

"Zai zo, Baba," takan ce. "Ai bai gudu ba. Yana nan."

Wata rana wani maƙwabci ya ɗauki tsohon a babur ya kai shi gona. An ce ya sauka da rarrafe, ya cire ciyawa daga tuli ɗaya, ya dubi sauran, ya kwanta rubda ciki a kan ƙasa.

Tobiya ya kasa jurewa. Ya tare ta a hanyar coci.

"Kezi, ya isa. Abincin ƙannenki ne ke ruɓewa a can."

"Na sani. Ni ma a gidan nake ci."

"Ubanki ne fa."

"Ubana ne lokacin da ya zaunar da ni a motar wani don a nome masa rabin gona. Idan ka taɓa garma kafin fasto ya faɗi rana a gaban jama'a, za mu tsufa muna jin badi." Muryarta ta yi ƙasa. "Ina son ka, Malamina. Ba ni da wata hanya da na sani."

A nan ne nake tsayawa duk lokacin da na tuna labarin. Tsohon ya zalunce su, babu shakka. Amma shi ya yi nasa ne don doya. Ita ta yi nata don ya ji zafi, kuma ta san daidai inda zai ji.

Manga ya aika a kira Fasto Simeon da dattawa. Yana kwance ya faɗi ranar aure, ya juya fuska ga bango. Sai da aka sanar a coci sannan Tobiya ya ɗauki garma, ya tara abokansa malamai suka yi gayya. Sun ceto abin da zai cetu. Fiye da rabin doyar ya tafi, kuma a shekarar ɗaya daga cikin ƙannen Keziah ta bar makaranta saboda rashin kuɗi.

Ana gobe ɗaurin aure, Mama Alisabatu ta ce, "Bayan an fito coci za ku durƙusa Baba ya sa muku albarka."

"Tobiya ya durƙusa," in ji Keziah. "Ya saba. Ni na gama durƙusa masa."

Coci ta cika. 'Yan zumuntar mata suka yi waƙa har rufin kwano yana rawa, aka sa zobe, aka yi guɗa. A filin coci, Manga ya taso daga benci da sanda, yana jan ƙafar da ba ta gama warkewa ba. Ya rame, babbar rigarsa tana yawo a jikinsa. Tobiya ya zube a gabansa. Tsohon ya ɗora masa hannun dama a ka, ya jingina sandar a kafaɗarsa, ya miƙa na hagu inda kan 'yarsa ya kamata ya kasance.

Keziah tana tsaye cikin farar riga.

Waƙa ta mutu. Hannun ya tsaya a sama. Manga bai janye shi ba, bai kuma roƙe ta ba. Sandar ta zame ta faɗi, ya yi tangaɗi, ya dafa kan Tobiya da ƙarfi don kada ya kife.

"Kezi," in ji Tobiya a hankali, kansa a ƙasa. "Ƙafar ba za ta ɗauke shi ba."

Ta dubi tsumman da ke leƙowa ƙarƙashin wandon ubanta. Ta tattara rigarta, ta durƙusa a kan ƙasa.

Hannun ya sauka a kanta, da nauyi.

"Allah ya ba ku zaman lafiya," in ji Manga, muryarsa a dishe. "Allah ya ba ku 'ya'ya. Allah ya ba ku waɗanda suka fi ku tausayi, suka fi ni."

Jama'a suka ce amin. Keziah ta ɗaga hannu biyu ta riƙe hannunsa a kanta, ba ta sake shi ba sai da aka kawo masa kujera.