Ƙarar Motar Baba

"Haba Torunn! Wannan gwangwanin za ki sake kai wa gyara?"

Eivind ke nan, wanda saura wata biyu a ɗaura mana aure. Muna tsaye a garejin Halvard makanike, tsohuwar motar Baba tana rataye a sama. Ta faɗi gwajin da hukuma ke yi wa motoci duk shekara biyu. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye ƙasanta, har Halvard ya danna yatsa ya ɓulla.

"Za ta gyaru?" na tambaye shi.

Ya sosa ƙeya. "Za ta gyaru... sai dai ki ba ni wata guda. Amma da 'yata ce ke, cewa zan yi ki bar ta ta huta."

"Kin ji ko?" in ji Eivind.

Na ji mana, ba kurma ba ce ni. Shekarar Baba uku a gidan kula da tsofaffi da ke kan tudun garinmu. Ya manta Mama ta rasu, fuskata ma ta ɓace masa. Amma ƙarar motar da ya tuƙa shekara ashirin da huɗu tana nan daram a kansa. Duk Lahadi, da na fara hawan tudun tana tari tana gurnani, sai ya miƙe ya nufi taga yana cewa, "Ga Torunn nan!" Ranar da na taɓa zuwa a bas, hannu ya miƙo mini kamar baƙuwa.

"Masoyiyata, tsoro nake ji," Eivind ya sassauta murya. "In birki ya ƙwace miki a gangare, ni in yi yaya? Ke mahaifinki yake so, ba inji ba."

"Au, ka fi ni sanin ubana ke nan?"

"Ba haka nake nufi ba..."

"Halvard, ka gyara ta!"

Washegari aiki ya kai ni birnin Bergen na kwana biyar. Da na dawo, sai ga wata farar mota ta lantarki a ƙofar gida, an ɗaura mata jan ƙyalle. Eivind na gefenta, baki har kunne.

Nan take na tuna. Tun bara muka mayar da takardun motar Baba zuwa sunan Eivind saboda inshora.

"Ina motar Baba?"

"Torunn, ki tsaya ki..."

"Ina take?!"

"Na kai ta inda ake murƙushe tsofaffin motoci. Don ke na yi."

Don ni! Wai ni aka yi wa gata. Na tsane shi a lokacin, kuma abin haushin, ina sonsa.

Ranar Lahadi ya nace shi zai kai ni. Motar ta hau tudun shiru kamar kyanwa, ba kowa a taga. Muka sami Baba zaune ya sa rigar sanyinsa, ya taje kai, yana kasa kunne.

Na durƙusa na kama hannunsa. "Baba, ni ce... Torunn."

Ya yi mini murmushin ladabi. "Kai, sunan 'yata gare ki."

Eivind ya matso daga bakin ƙofa, idonsa jawur. "Zan nemo irinta, na rantse, ko daga ina ne..."

Na zare zoben da ya sa mini, na jefa a aljihun kwat ɗinsa.

Baba ya ja hannuna, ya rage murya kamar mai jin kunya.

"Baiwar Allah, 'yata ta daina zuwa. Ban san laifin da na yi mata ba. In kin haɗu da ita a gari... ki ce ta yi haƙuri."

Na kifa fuskata a gwiwarsa, na ce zan gaya mata.