Saƙon Murya Daga Kufan Pompeii

A tsakiyar kufan Pompeii na kama Idrissa yana karya alkawari.

Na tsaya ɗaukar hoton wani tanderun burodi da toka ta binne kusan shekara dubu biyu, ina waigowa babu mijina. Can na hango shi bayan wani ginshiƙi, ya kara waya a baki yana magana ƙasa-ƙasa da muryar nan tasa ta gidan rediyo.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Tun a filin jirgi ya yi mini alkawarin kwana goma babu aiki. Wata huɗu da aurenmu, har yau Ummata ba ta taɓa kiran sunansa ba, "mutumin rediyon nan" take cewa. Likita ta so in aura, ba ɗan Damagaram mai ci da baki ba. Ta ce duk ranar da zan neme shi yana can yana karanta wa duniya labarai. Baba ne ya tsaya aka ɗaura. To ga shi yau zai gaskata ta.

Na juya na ci gaba da tafiya. Muka zagaya titunan dutse masu sawun keken doki, muka sha lemo mai ƙanƙara, sannan muka hau Vesuvius, dutsen da aman wutarsa ya binne garin. Ni da a garinmu Largo ko shagon bakin titi sai da mota, haki nake tun daga ƙasa. Ya karɓi jakata, ya riƙe hannuna yana tsokanata wai yau ma'aikaciyar jinya ce ke neman jinya. Dariya ta zo mini, na haɗiye abata.

A bakin ramin da ke ƙololuwar dutsen, iska na kaɗa mayafina, siririn hayaƙi na fita daga jikin dutse, sai ga shi ya sake zaro wayar.

"Idrissa... har a nan ma?"

Ya yi tsuru-tsuru, ya miƙo mini ita kawai.

Ba ofis ba ne. Lambar Umma ce, saƙon murya goma sha ɗaya ya tura mata.

Na danna ɗaya. Ya gaishe ta da ladabi, sannan ya shiga kwatanta mata tanderun nan da dutsen niƙan da ke gefensa. Shekara ashirin Umma ta yi tana koyar da tarihi a Kano, ta sha ba ɗalibai labarin garin nan ba tare da ta taɓa ganinsa ba. Yanzu ciwon suga ya cinye mata ido, tana zaune gidan Yaya Kamal a garin Bowie. Ni 'yar cikinta kuwa, hotuna nake ta tura mata tun jiya. Kunya ta rufe ni.

Idrissa ya ce a gabanta ko kai ba ya iya ɗagawa, balle doguwar hira da suruka, amma a waya bakinsa na buɗewa. Ko ɗaya ba ta amsa ba, sai dai alama ta nuna ta saurara duka.

Muna saukowa saƙo ya shigo. Ya ba ni in danna. Muryar Umma ce, a dake kamar kullum.

"Idrissa, ka yi sauri a wajen dutsen niƙan nan, ka sake mini a hankali. Kuma ka riƙe Haula da kyau a gangare, ba ta saba tafiya ba."

Sau uku yana sa ni in sake kunna saƙon nata daga farko.

"Masoyi, me kake ta sake ji?"

"Sunana," in ji shi.